Zobe a Kan Faranti Bai Zama Magani Ba: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Sassan Kimiyya na Jami'o'inmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shehunan malamai, shugabannin sassan nazarin ƙwayoyin cuta, da na sinadaran jikin halitta, da na tsirrai, da na haɗa magunguna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai.

Ni ba farfesa ba ne, ko digiri na biyu ban yi ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne ni, irin wanda sunansa ke fitowa a shafin godiya na kundin ɗalibi, can ƙasa, bayan iyaye da abokai. Aikina dafa aga, wato abin nan mai daskarewa da ake renon ƙwayoyin cuta a kansa, zuba shi a faranti, kunna tukunyar tururi, da wanke kwalabe bayan kowa ya watse. Da shi na yi furfura, yanzu kuma na ajiye aiki. Shi ya sa na samu bakin magana, domin a da in na buɗe baki sai in tuna takardar ƙarin girmana tana kan teburinku.

Kwanan baya ina jiran mota a tasha, sai ga wani mai magani ya tsaya da motarsa mai lasifika. Yana ɗaga wata takarda da aka manne cikin leda, yana cewa jami'a ta gwada maganinsa ta tabbatar yana kashe ƙwayoyin taifod da na sanyi da na gudawa. Na matsa na roƙe shi ya ba ni na duba. Fotokwafin shafin farko ne na kundin wani ɗalibi. Ba daga inda na yi aiki ya fito ba, amma kamar ni na zuba farantin, domin na haddace jimlolin tun kafin a haifi mai kundin. Layin ƙarshe shi ne wanda kuka sani: wai wannan sakamako ya gaskata amfanin da ake yi da tsiron a gargajiyance. Na juya takardar ko zan ga wata magana a kan guba, babu ko harafi. Ina tsaye wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta sayi gora biyu.

Magori dai tun fil azal shi ke wasa kansa da kansa. Yanzu kuwa ya huta, mu ne muke masa kirari, da tambarin jami'a.

Kun fi ni sanin yadda aikin ke tafiya, amma ku bar ni in zayyana shi, domin ɗalibai da iyayensu ma za su karanta wannan wasiƙa. Ɗalibi ya kai ajin ƙarshe, an ba shi batu. Ya shiga kasuwa ko bayan gari ya samo ganyen sabara, ko sassaƙen marke, ko na madaci, ko hano, ko kalgo. Ya shanya a inuwa, ya daka a turmi, ya jiƙa garin a itanol ko metanol, sinadarai dangin barasa, kwana biyu ko uku, ya tace, ya bar ruwan ya ƙafe har ya rage wani baƙin danƙo a gindin kwalba. Sai mu shafa ƙwayoyin cuta a kan aga, mu huda ramuka, a ɗiga narkakken danƙon, a sa a inkubeta mai zafin digiri 37. Washegari a zo da rula. In an ga fili ya kewaye ramin, inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa, sai murna, zobe ya fito. A auna, milimita 12, milimita 18, a cika jadawali. A ƙara wani jadawalin mai alamomin tarawa da ɗebewa, wai an samu tanin, an samu safonin, an samu alkaloyid, abubuwan da da wuya ka tsinki ganye a daji ka rasa wasu daga cikinsu. A buga, a yi bango, a kare a gaban malamai, a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Kundi ya hau kanta, ƙura ta karɓe shi. Baɗi wani ɗalibin ya sake shigowa da sabarar nan dai.

Ba raina sabara nake yi ba. Da ita aka yi mana wanka muna yara, kuma ina da yaƙinin akwai abin da Allah ya ajiye a cikin itatuwanmu. Takaicina shi ne shekara da shekaru muna ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, ana buɗewa muna juyawa.

Zoben nan ba ƙarya yake yi ba, gaskiyarsa ce ƙarama. Abin da yake cewa kawai shi ne: wannan abu, da wannan kaurin, a kan wannan farantin, ya hana wannan ƙwayar cuta tsirowa. Ku ɗiga ruwan batir a ramin, zai ba ku zoben da ya fi na kowane ganye faɗi. Bilic ma haka. Babu mai hankalin da zai ce a sha su. Kashe ƙwayar cuta ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce a samu abin da zai kashe ta ya ƙyale mai ɗauke da ita, kuma faranti ba shi da hanta ko ƙoda da zai ba mu wannan labarin.

Ku ɗauki bagaruwa. Duk ɗalibin da aka ba bagaruwa yakan fita yana dariya, domin zobenta ba ya ba da kunya. Amma ku je majema ku tambayi masu jima abin da suke yi da ita. Tanin ɗin da ke cikinta ne yake kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, ɗanyar fata ta koma jemammiya, ta daina ruɓewa. Abin da yake yi wa fatar akuya shi yake yi wa ƙwayar cuta a faranti, bai kuma ware furotin ɗin wani ya bar na wani ba. Wannan na iya zama dalilin da ake jin daɗinta a kan gyambo ko dasashi mai jini. Amma daga nan zuwa cewa za ta bi jini ta cimma ƙwayar taifod inda take ɓuya a cikin jiki, akwai tafiya mai nisa da ba mu taɓa yi ba.

Sai maganar kauri, wadda ita ce ta fi ba ni kunya in na tuna. Ɗan faifan takardar jentamaisin, maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cuta, da muke ɗorawa a tsakiyar faranti don kwatance yana ɗauke da maikurogiram 10. Danƙon ɗalibi kuwa sau da yawa ana narka shi miligiram 100 a kowace mililita, a zuba kashi ɗaya cikin goma na mililita a rami. Ku yi lissafi: miligiram 10 ke nan, wato maikurogiram 10,000. Ninki dubu. Sai zoben danƙo ya ba da milimita 18, na jentamaisin ya ba da 22, kundi ya rubuta cewa tsiron ya kusa kamo maganin asibiti. Kamar a ce mutum dubu sun ɗaga abin da mutum ɗaya ya ɗaga, sai a yi shelar ƙarfinsu ɗaya. Masana da yawa a wannan fage sun daɗe da cewa abin da aka tatso daga tsiro, in sai ya haura miligiram 1 a mililita kafin ya hana ƙwayar cuta girma, bai cancanci a ɓata masa lokaci ba, kuma wanda ke jan hankali shi ne mai aiki a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Nawa ne daga cikin kundayen da ke kantocinku za su tsallake wannan siradi?

Faɗin zoben ma ba ƙarfin magani kaɗai yake aunawa ba, har da yadda abu ke iya ratsa aga. Aga kusan dukkansa ruwa ne. Sinadarin da ke da maiƙo, wanda ba ya shiri da ruwa, sai ya zauna a bakin rami ko da shi ne jarumin. Ke nan muna iya ɗaukaka rago mu zubar da gwarzo. Tun 1998 Farfesa Eloff na Jami'ar Firitoriya ya wallafa hanyar amfani da ɗan faranti mai ramuka 96, inda ake ta raba kaurin biyu biyu har a gano mafi ƙarancin abin da ke tsayar da ƙwayar cuta. Ba ta cin danƙo mai yawa, ba ta buƙatar na'urar miliyoyi, tana kuma ba da lambar da wani a wata ƙasa zai iya sake gwadawa ya ga ko gaskiya ce.

Sauran ƙananan ɓarakar kun san su. Ƙwayar cutar da aka karɓo daga wani asibiti a cikin kwalba mai rubutun biro, babu wanda ya sake tantance ko ita ce, alhali akwai sanannun nau'o'i irin su ATCC 25922 da ATCC 25923 da duniya ta amince a riƙa kwatance da su. Danƙon da bai gama bushewa ba, itanol ɗin da ya rage shi ne ya yi kisan, aka yaba wa ganye. An ɗauke wuta da tsakar dare, inkubeta ta huce, da safe aka auna kamar ba abin da ya faru. Na ga duk wannan da idona, wani ma da hannuna aka yi, Allah ya yafe mana.

Akwai kuma tambayar da ta riga duk waɗannan: wane tsiro ne ma aka gwada? Sunan Hausa ba ya wadatarwa. Itacen da wani ke kira darbejiya, wani dogonyaro yake ce masa, wani maina, wani bedi. Zogale ma akwai masu ce masa bagaruwar Makka, ba shi kuwa da dangantaka da bagaruwar majema. Madaci daban, madacin ƙasa daban. In garin sassaƙe ne aka sayo a ƙulle a leda, to sai dai a ɗauki maganar mai sayarwa. Shi ya sa ake kai reshe da ganye da fure ɗakin adana tsirrai, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, masani ya tantance, a ba da lamba, a ajiye samfur.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙa'idar takarda ce kawai. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke Burasel ta ƙasar Beljiyam, an riƙa ba mata wani haɗi mai ɗauke da saiwar wani tsiron ƙasar Sin. Tsirrai biyu ne masu suna kusan iri ɗaya a harshen Sinanci, sai aka kawo ɗaya a madadin ɗaya. Wanda aka kawo ɗin daga dangin Aristolokiya yake. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe. Daga baya likitoci suka cire matattun ƙodojin mutum 39 daga cikinsu don rigakafi, suka tarar 18 sun riga sun kamu da ciwon daji a hanyar fitsari. Yau sinadarin da ke cikin wannan tsiro yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne dangin nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Duman dutse, wanda wasu ke kira madacin ƙasa, ɗan gidan ne, kuma yana shimfiɗe a tabarmar masu saiwoyi. Ku ba ɗalibi shi, ya kawo muku zobe, ku sa hannu a kan cewa an gaskata amfaninsa na gargajiya. Wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya?

Nan ne na zo kan ainihin abin da ya sa na rubuto. Yawancin kundayen da suka bi ta hannuna ba su taɓa maganar guba ba sam. Waɗanda suka taɓa, hanya ɗaya suke bi, wadda wani masani mai suna Lorke ya wallafa a 1983. A ɗauki ɓeraye tara a kasa su uku, a ɗura musu miligiram 10, da 100, da 1000 a kan kowane kilo na nauyinsu, a jira kwana ɗaya. In ba wanda ya mutu, a ɗauki wasu 'yan kaɗan a ba su 1600, da 2900, da 5000. In sun kwana da rai, sai a rubuta cewa tsiron ba shi da illa. Hanyar ba ta da laifi a kan abin da aka yi ta dominsa, wato gano yawan abin da zai kashe dabba a sha ɗaya. Laifin namu ne da muke ɗora mata kayan da ba nata ba.

Wa kuka sani yana shan maganin gargajiya sau ɗaya? Mai basir tsiminsa yana gindin randa, safe da yamma, wata da watanni. Mai jego tana shan nata har ta yi arba'in. Jariri ana ɗura masa dauri tun cibiya ba ta warke ba. Matan Burasel ba a ranar farko suka faɗi ba, watanni suka yi suna sha lafiya lau, ƙoda tana ƙonewa a hankali ba tare da ta yi ƙara ba. Ɓeran da ya kwana ɗaya da rai bai ba da shaida a kan wannan ba. Shaidar tana wurin gwajin kwana 28 ko kwana 90, inda ake ba dabba kullum, ana auna nauyinta da cinta, a ƙarshe a ɗebi jini a duba sinadaran hanta da kiriyatinin na ƙoda, a yanka gaɓoɓin a duba su a madubin likita. In mata masu ciki ke shan abin, to akwai gwajin da ya shafi ɗan tayi, shi ma daban.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba, dajinmu cike yake da su. Kakanninmu sun san zaƙami yana juya hankali, sun san ruwan tumfafiya ba abin wasa ba ne, sun san gwaska, sun san da kwankwani maharba ke dafa dafin kibiya. Waɗannan ba su cika ba ni tsoro ba, domin kowa yana kaffa-kaffa da su. Masu ban tsoro su ne waɗanda muka saba da su har muka daina ganinsu. Rai-ɗore da ke tsirowa a kowace bola, a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara na mutuwa ana zaton cutar ƙwaƙwalwa ce mai yaɗuwa, sai cikin shekarun 2000 likitoci suka gano 'ya'yansa yaran ke ci, yana lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Man darbejiya, likitoci a Malesiya da Indiya sun rubuta yadda jariran da aka ɗura wa shi suka riƙa amai da suma da jijjiga. Lalle ma, lallen amare, yana iya fasa jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD in aka shafe masa jiki da shi, wannan ƙarancin kuwa ya yawaita a Afirka ta Yamma. Dukkansu ukun suna cikin tsirran da ɗalibanmu ke kawowa faranti.

Na san amsar da za ku ba ni, domin na sha jin ta a taron sashe: babu kuɗi. Ɓeraye da tsada, abincinsu da tsada, sinadaran gwajin jini da tsada, ɗalibi kuma daga aljihun ubansa yake yin aikin. Gaskiya ne. Amma ku haɗa abin da ɗalibai talatin ke kashewa kowace shekara a kan tsirrai talatin, kowa da kwalbar metanol ɗinsa, kowa da gwangwanin agarsa. Kuɗin yana nan, warwatsa shi muke yi. Akwai kuma gwaje-gwajen share fage masu araha, kamar na 'yan mitsi-mitsin jatan landen ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa a kwalba, wanda zai nuna tun da wuri wane danƙo ne mai zafi kafin a taɓa dabba. Su ma ɓerayen rai gare su, za a tambaye mu a kansu. Kashe goma sha biyu don a cika shafi ɗaya da ba mai karantawa ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin da ke ɗaure min kai, ba ma abin da mutane ke sha muke gwadawa ba. Babu tsohuwar da ke jiƙa sabara a metanol. Tafasawa take yi, sau da yawa da jar kanwa, ta haɗa da wasu itatuwa biyu ko uku, a sha da kunu ko a yi surace. Kanwa tana sauya abin da ke fita daga ganye, zafi yana sauyawa, haɗin ma yana sauyawa. Ke nan ko da zoben metanol ya kai faɗin faifai, bai gaskata tukunyar tsohuwa ba, bai kuma ƙaryata ta ba. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta fitar daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, ta yi ta samun sakamako mai hawa da sauka, sai da ta koma ga wani tsohon littafin likitancinsu ta ga jiƙawa ake yi a matse, ba tafasawa ba. Daga nan ta gane zafi ke lalata sinadarin, ta sauya hanya. Sauraron masu abin ne ya fisshe ta. Mu kuwa ɗalibi yakan je wurin mai magani ya karɓi suna kawai, ko zama bai yi ba.

Shi ma mai maganin ana cutarsa. Ba duka ne 'yan lasifika ba. Akwai dattawan da suka gāji sana'ar, suna da ma'auni, sun san wanda ba a ba mai ciki, sun san lokacin da za su ce a tafi asibiti. Irin waɗannan mun karɓi iliminsu mun yi digiri da shi, ba wanda ya koma ya ce musu ga abin da muka gani. Wanda ya ci ribar takardarmu shi ne ɗan kasuwa. Shi ne kuma yake nuna lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, yana cewa gwamnati ta tabbatar maganinsa yana warkarwa, alhali lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin hukumar ta duba lafiyar shan abin ta sa shi a jerinta na wani ɗan lokaci, ba ta tabbatar da iƙirarin warkarwa ba. Ana ma rubuta hakan a jikin kwalba, da Turancin da tsohuwar tasha ba ta karantawa. Likitocin ƙoda a ƙasar nan sun daɗe suna rubutu a kan marasa lafiyar da ke zuwa musu bayan shan jiƙe-jiƙe. Tsakanin ɗakin wankin ƙoda da ɗakin gwajinmu wani lokaci katanga ce kawai, amma ban taɓa ganin an aiko mana da gora an ce ga abin da wane ya sha, ku duba ba.

Ba ina cewa a daina binciken ba ne, yanzu ma aka fi buƙatarsa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, yammacin Afirka kudu da Sahara. Sai dai mu faɗa wa ɗalibai gaskiya: kusan duk magungunan kashe bakteriya da ake sha ko ake allura a asibiti daga fumfuna da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa aka samo su, ko aka haɗa su a masana'anta. Tsirrai sun ba duniya kwinin da mofin da magungunan zuciya da na daji, amma a wannan fagen hannunsu bai cika buɗewa ba. Wataƙila rabonmu yana wurin maganin gyambo, da na fata, da na baki, inda abin ke taɓa ƙwayar cuta kai tsaye. Wannan ma ba ƙaramin rabo ba ne ga mai ciwon sukari da ƙafarsa ta ƙi warkewa.

Zoben da Fleming, masanin da ya gano maganin fenisilin, ya gani a Landan a 1928 irin namu ne sak. Bai zama magani ba sai bayan shekara 12, lokacin da Florey da Chain da abokan aikinsu a Okusfod suka tace fenisilin, suka sa wa ɓeraye takwas ƙwayar cuta mai kisa a watan Mayun 1940, suka yi wa huɗu magani, huɗun da ba a yi wa ba suka mutu. Mutum na farko da aka yi wa magani da shi sai a 1941. A gida ma an yi. A Jami'ar Ife, wajen 1971, ana gwada itatuwan goge baki a kan faranti mai jini, sai aka lura saiwar fasa-ƙwari tana hana jinin sauya launi. Farfesa Abayomi Sofowora bai rufe littafi ya tafi cin shinkafa ba, ya bi wannan ɗan abin lura har ya buɗe fagen binciken maganin sikila daga tsiron. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja kuma, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin wani mai magani, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani ice ɗan'uwan madobiya. Aka yi yarjejeniya da shi a rubuce, aka gwada a dabba, aka gwada a masu sikila, aka samu Niprisan, wanda ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Kasuwancinsa ya sha tangal-tangal daga baya, wannan wani zance ne. Abin lura shi ne haɗi ɗaya suka riƙe, suka bi shi shekara da shekaru.

To ga roƙona, ranku ya daɗe, kuma babu wanda ya fi ƙarfin sa hannunku a ciki.

Kowane sashe ya zaɓi tsirrai uku ko huɗu da mutanen yankinsa suka fi sha, ya riƙe su shekara biyar. Ɗaliban bana su tantance tsiron, su zauna da masu magani su rubuta yadda ake haɗa shi da yadda ake sha, su gwada wannan haɗin kansa tare da na sinadari. Na baɗi su ɗora daga inda aka tsaya, su nemo mafi ƙarancin kaurin da ke aiki. Masu digiri na biyu su ɗauki gwajin kwana 28, tare da sashen likitan dabbobi ko na nazarin cututtuka. Ɗalibi zai fita ya san ya sa bulo a gini, ba wai ya haƙa rami ya mayar da ƙasa ba. In TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, zai ba da tallafi, irin wannan aikin mai gaba da baya ya fi saurin shiga ido.

Ku soke jimlar nan ta gaskata amfanin gargajiya daga duk kundin da bai wuce faranti ba. A madadinta a wajabta wata, a shafin farko inda mai fotokwafi ba zai iya kauce mata ba, da Turanci da Hausa: an yi wannan gwaji a faranti ne kawai, ba a gwada shi a jikin mutum ba, ba a kuma tabbatar da lafiyar shansa ba. Ɗalibin da ya samu tsiron bai yi komai ba, ko ya samu yana taɓa hanta, a ba shi makinsa cikakke. Na ga yara suna kuka don zobe bai fito ba, na kuma ga waɗanda suka gyara lambobi don sun san malam ba ya son jadawali mai sifili. Mu muka koya musu.

In an samu alamar guba a tsiron da ake sayarwa, kada labarin ya tsaya a kanta. A rubuta wa NAFDAC, a kira shugabannin ƙungiyar masu maganin gargajiya na jihar a zauna da su cikin mutunci, a shiga gidan rediyo a faɗa da Hausar da kowa zai gane. Ranar 31 ga Agusta ta kowace shekara ranar maganin gargajiya ce ta Afirka, ana taro ana jawabai. Ku je da sakamako a hannu maimakon jawabi.

Nan da 'yan watanni za ku sake zama raba batutuwa ga 'yan ajin ƙarshe. Kafin a rubuta sabara a gaban sunan wani yaro, a aiki masinja ya sauko da kundayen sabara da ke kanta, a kaɗe ƙurar, a ƙirga su a gaban kowa. In kuna buƙatar mai nuna muku inda suke, ina nan, ban yi nisa ba, ni na jera su.

Ku huta lafiya. Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje